Anbubar da Baba Bai Shayar Ba

Ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya a cikinsa kamar na Baba ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gidanmu ta cika da mata, na Madani, na Dindir, har da ayarin matan garin Abu Hujar da suka iso bayan azahar. Kowace ta shigo sai ta faɗa jikin Inna, uwar mijina, su yi kuka, ta goge ido da bakin mayafi ta nemi wuri. Ba ta jimawa da zama sai ka ji ta ce, "Kanun ɗin ɗakina shi yay yi shi." Wata ta ce nata murhun gawayin ya shekara goma bai huje ba. Wata ta ce kwamin da awakinta ke shan ruwa aikinsa ne. Daga nan sai wata marar tsoro ta kumbura murya ta kwaikwayi yadda yake yi wa tukunyar gas magana, "Ke anbuba, ƙarya kika." Gida ya ɗauki dariya, har da Inna da hawaye a fuska.

Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Dindir, ta tsawatar. "Makoki muka ko biki?" Kowace ta haɗiye dariyarta. Ita ce kuma, ba a gama zagayen shayi ba, ta ba da labarin ranar da ya hana ta dafa wa baƙinta abinci don zai buɗe kan anbuba, ta yi dariya har ta shaƙe.

A rumfar maza ma haka, in ji maigidana. Duk wanda ya ɗaga hannu aka yi Alfatiha sai ya zauna ya ambaci wani ƙarfe. Liman ya ce kwamin alwalar masallaci rabin anbuba ne. Shugaban makaranta ya ce ƙararrawar da ke tashin yaran garin nan ɗaya rabin ce.

Ni surukarsa ce, matar babban ɗansa. Shekara goma sha tara na yi a gidansa. Ina rubuta wannan ne domin 'ya'yana sun fi jin Larabci a kan Hausa, kuma ina tsoron kada kakansu ya zama hoto kawai a jikin bango.

Baba maƙeri ne tun asali, mai lauje da fartanya. Da tukunyar gas ta shigo ƙauyuka, wadda mu nan muke kira anbuba, sai aka fara samun tsofaffi, masu tsatsa ko yoyo, waɗanda masu cikawa suka ƙi karɓa. Su yake karɓa ya yanka ya mayar kanun, wato murhun gawayi, ko kwami, ko kaskon suya. Shekarun nan da gas ya yi wuya kowa ya koma gawayi, sai ga shi mutumin da aka fi nema a garin. Amma a wurin Baba ba ka kawo anbuba yau ka karɓi kanun gobe. Kwana goma ne, wani lokaci ya fi, kuma ko wane ne kai sai ka jira.

Ni da shi ba mu taɓa hira ba. Kunyar suruki ce, irin ta gidajenmu. In na gaishe shi ina durƙushe, ya amsa yana duban wani wuri, shi ke nan. Sai dai Baba mutum ne mai magana, kuma kunnensa na hagu ba ya ji, don haka abin da shi yake ɗauka gunaguni ne ana jin sa har bayan katanga. Da anbuba yake magana. Ni kuma ni ke ɗebo ruwan gidan daga tura'a, babbar hanyar ruwan gonaki, da jaki da jarkoki huɗu. Maigidana direban motar haya ne a Madani, sai Alhamis yake zuwa. Ƙannensa duk sun watse neman abinci. Saboda haka duk karatun da Baba ya yi wa anbuba, ni ce ɗalibar da ke ajin.

In aka kawo masa sabuwa, mai ita zai rantse cewa ta ƙare tun bara. Baba ba ya musu da mutum. Sai ya juya ga anbubar. "Kin ji abin da anka ce. An ce ba komi cikinki. Ni da ke mun san ƙarya ta. Anbuba ba ta ƙarewa, shiru ɗai taka yi."

Sai ya mirgina ta fili bayan gida, nesa da madafa, inda iska ke wucewa. Ya buɗe famfonta ya bar ta yini biyu. Ranar da zai cire kan gaba ɗaya, ba a hura wuta a gidanmu, ba a hura a gidajen da ke jikinmu, har sai ya ce. Ya taɓa fizge sigari daga bakin wani ɗan kasuwa mai ji da kansa ya nutsa ta a butar mutumin, sannan ya gaishe shi da kyau ya tambayi iyali. Yakan ce wa anbuba, "Abin cikinki ba ya tashi bisa kamar hayaƙi. Kwantawa shika yi, shi bi ƙasa shi nemi murhun mutane." Kan kuwa da sifana yake kwance shi, a hankali. In ya cije da tsatsa ba ya dukansa da guduma, ba ya gasa shi. Mai yake ɗiga masa safe da yamma, ko kwana nawa zai ɗauka.

In kan ya fita sai a zo kan aikina. "Yanzu sai a shayar da ke," in ji shi, da ƙarfi, yana fuskantar madafa. "In Allah ya sa akwai mai ruwa kusa." Ni kuma sai in kama jaki. Ana ɗura mata ruwa da garin sabulu har ya tumbatsa ta baki, domin ruwan ne ke koro abin da ya rage. Ta kwana uku, a zubar, a sake cikawa. Bai yarda da hanci ba. Ya ce wari yana zama a jikin ƙarfe bayan gas ya fita, kuma hancin da ya yini a wurin yakan daina ji alhali gas yana nan. Mai gwadawa da ashana kuwa, Baba ya ce wannan a yi wa uwarsa gaisuwa tun da wuri. Ranar yanka ma da ruwan a ciki yake yanka, da zarton hannu, ruwa na tsiyaya ta bakin yankan yana jiƙa masa ƙafafu.

Mun yi faɗa sau ɗaya, kuma faɗa ne na gaske, ko da yake ban dube shi ba bai dube ni ba. Bazara ce, an rage ruwan tura'a, sai na yi tafiya mai nisa kafin in samu inda jarka za ta nutse. Ina da goyo. Na cika masa anbuba, ya zubar, na sake cikawa, ya zubar, ya ce wai wannan tsohuwa ce mai taurin kai, sai an ba ta na uku. Raina ya ɓaci. Na tsaya a tsakar gida ina kwance wa jaki kaya, na ɗaga murya.

"Kai jaki, gaya min. Mu da ƙarhe wa yaf fi ƙishirwa? Randa ba ruwa, yara ba wanka, ƙarhe na ta sha."

Baba yana bayan katanga. Sai na ji, "Ke anbuba, kin ji ana zaginki. Yi haƙuri. Ɗiyan zamani na, gaugawa gare su."

"Kai jaki, gobe hutu muka. Wanda ka son ruwa ya san hanya."

Washegari ban fita ba. Ina shara sai na hangi tsoho mai furfura ya rataya jarkoki biyu a sanda ya nufi tura'a cikin rana. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa tsintsiya. Inna ta kira ni ɗaki. Ranar ta faɗa min abin da ya sami kunnensa. Yana saurayi yana koyon aiki a Madani, abokin aikinsa ya sa wuta a jikin wata gangar mai da kowa ya ce ba komai a ciki. Baba yana bakin ƙofa, ya tsira da kunne ɗaya. Abokin bai tsira ba, kuma Baba ne ya kai labari gidansu. Inna ta ce tun daga ranar bai ƙara yarda da kalmar "ta ƙare" ba.

Na bi shi da jaki. Na same shi a hanya ya sauke jarkokin yana haki. Na ɗora su a kan jaki, muka dawo, ni gaba shi baya. Da yamma na ji shi yana cewa, "Ke anbuba, gidan ga mutum guda ad da hankali, kuma ba ni na haihe ta ba." Na yi kamar ban ji ba, amma na zuba wa jaki dawa fiye da kullum.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu a Sinnar, na dawo daga makoki na kasa cin abinci. Kowa ya yi min gaisuwa, Baba ma ya yi, irin ta baki, yana duban bango. Bayan kwana biyu ina wanke-wanke sai na ji shi a filinsa, murya ƙasa-ƙasa a ganinsa. "Ke anbuba, akwai wadda ta rasa uwa cikin gidan ga. In tana ji, ta sani tana da uba, kuma ba ya zuwa ko'ina sai Allah ya kira." Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi a Sinnar ba.

Anbubar ƙarshe babba ce, shuɗiya, ya karɓo ta ne da kansa, ba wanda ya kawo. Kanta ya cije. Ya jawo ta ƙarƙashin dogon yaro yana ɗiga mata mai, yana lallashinta kamar mai lallashin akuya ta shiga garke. Na ji yana ce mata, "Ke dogayen ƙahwahu za a yi miki. Akwai mai ciwon baya, ta gaji da duƙawa." Na san da wa yake, domin ni ce ke tashi daga gaban kanun ina dafe ƙugu. Kafin kan ya saki zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana shida ya yi, a rana ta bakwai da hantsi ya cika.

A rana ta biyu ta makoki mutane suka ninka. Shayi ba ya isa, kanun biyu ne a gidan maƙeri, abin dariya. Ina madafa ina fifita gawayi sai na ji an tayar da janareta a waje. Na leƙa ta kafar katanga. Maigidana ne, ya naɗe hannun jallabiya, riƙe da saruk, injin nan mai faifai da ke yanka ƙarfe yana feshin tartsatsi, ya aro wurin mai yin ƙofofi. Sun mirgino shuɗiyar anbuba gefen rumfa. Maza sun kewaye shi kowa na ba da shawara, ga tukunyar shayi a kan wuta taku kaɗan daga wurin.

Maigidana mutumin kirki ne, amma direba ne, rayuwarsa duk wuce na gaba ce. Daga baya ya ce min ya buɗe famfo bai ji huci ba, ya jijjiga bai ji motsi ba. Baffa, ƙanin Baba, ya ce ai ta kwana goma gindin bishiya, lalle marigayi ya gama da ita. Niyyarsu mai kyau ce, su yi kanun babba a dafa shayin sadakar mai kanun.

Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. Kan yana nan a wuyanta, kuma ko jarka ɗaya ban ɗebo mata ba.

Na ƙwala kira, ƙarar janareta ta haɗiye. Inna tana takaba ba ta fita. Mace ba ta shiga rumfar maza ranar makoki, ba ta kiran sunan miji, ba ta gyara masa magana gaban baffanninsa da liman. Duk na san wannan. Na kuma ga faifan ya fara juyawa. Ban san lokacin da na ja mayafi na fita ba, ƙafa ba takalmi, mafici a hannu.

Na ratsa maza na durƙusa gaban anbubar, na ba su baya, na ɗora tafin hannuna daidai inda zai yanka. Ya janye injin da sauri. Na rasa ta inda zan fara da shi. Sai abin da na saba ji shekara goma sha tara ya fito da kansa, da ƙarfi, irin na mai kunne ɗaya.

"Ke anbuba, ƙarya kika."

Wani ya kashe janareta. Muryata ta fito fili, na ji ta har cikin cikina, amma na ci gaba.

"An ce ba komi cikinki. To wa yash shayar da ke? Ni ka ɗebo ruwan gidan ga, ban ɗebo naki ba. Ga kanki nan ba a cire ba. Mai ke bai gama da ke ba, mai ɗai shika ɗiga miki. Shiru kika yi, ba ƙarewa kinka yi ba. In an taɓa ki yau, gobe sai a ƙara wata rumfa."

Maigidana ya ce, ƙasa-ƙasa, fuskarsa a murtuke, "Halas, ya isa, koma ciki." Ban tashi ba, ban ɗauke hannu ba. Sai na ji wani sauti a bayana kamar tari. Baffa ne, dariya ta kama shi, yana cikin yi ta juye kuka, ya rufe fuska da rawani yana cewa, "Muryar yayana ta. Wallahi shi na."

Liman ya gyara zama. Bai dube ni ba, kamar yadda ya dace. Anbubar ya duba. "Ke anbuba," in ji shi, "an ji. A mai da ke gindin icce, a kawar da ke daga wuta."

Na koma ciki ina jiran Goggo ta wanke ni tas. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba takalmi ma." Sannan ta juya ga mata. "Kowace ta ce shi yay yi mata kanun. To a tashi a ɗauko." Kafin la'asar tsakar gidan ta cika da su, manya da ƙanana, baƙaƙe da hayaƙi, wasu ana iya ganin ragowar shuɗin fenti a gindinsu. Inna ta leƙo daga ƙofar ɗaki tana nuna su ɗaya ɗaya, tana faɗin shekarar da aka yi kowane. Shayi ya isa har ya yi saura.

Maigidana bai yi min magana ba kwana biyu. Da aka tashi makoki ya ɗauko sifanan Baba, ya mirgina anbubar fili, ya tsaya yana dubanta kamar zai tambaye ta hanya. Na fito da jaki. Na gaya wa anbuba cewa sai an kashe wutar gida da ta maƙwabta, ya je ya faɗa musu. Na gaya mata ba a dukanta, ya ajiye gudumar da ya ɓoye a bayansa. Man Baba ya riga ya yi aikinsa, kan ya saki a juyi na uku.

Rana tana tsaka, ƙasa fara fat. Ya kafa mazurari ya fara ɗura ruwa. Na ce, "Ke anbuba, mai ke yakan ce a dubi inuwa." Ya duba. A ƙasa, saman inuwar bakinta, wata inuwa ce siririya ke fita tana rawa tana malala gefe, irin wadda ake gani a kan kwalta da zafi. Ido ba ya ganin komai a iska, sai a ƙasa. Wari ya biyo baya har jaki ya ja da baya. Jarka ɗaya ta ƙare, ta biyu ta ƙare, inuwar ba ta daina ba.

Maigidana ya ajiye jarka ya zauna a ƙasa da farar jallabiyarsa. Ya dubi inda aka kafa rumfar makoki. Sannan ya ce, kamar mai ƙirga fasinja, "Ni. Baffa. Liman." Bai ƙarasa ba. Ya share fuska, ya juya ga jaki.

"Kai jaki, ka ce mata na gode."

Na ce wa anbuba ta gaya masa jaki ya isar.

Ya ɗauki hutun da bai taɓa ɗauka ba, ya jira kwanakin duka. Sau uku muka shayar da ita, ban yi gunaguni ba. Ya yanka ta da zarton Baba, ruwa na jiƙa masa ƙafafu, ya yi yini guda yana abin da saruk zai yi kafin shayi ya huce, hannunsa duk ya yi kanta. Da ya shiga rumfar maƙera neman abin yin ƙafafu sai ya fito da sanduna huɗu na ƙarfe, an riga an yanke su an ɗaure da igiya, sun fi na kowane kanun tsawo. Ya ce, "Baba ya yi kuskuren awo." Na ce a'a, a sa su haka.

Yankan ya karkace kaɗan, duk wanda ya gani ya san ba hannun Baba ba ne. Amma yana kai min daidai ƙugu, ina dafa shayi a tsaye.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya kowane ƙarfe kafin ya taɓa shi, ya haɗa shi da abokinsa na Madani a inda ba tsoro. Shekara goma sha tara ban taɓa ce masa na gode ba, kunya ta hana. Ranar da na fara hura wuta a kanun ɗin, yara sun tafi makaranta, ba kowa a tsakar gida sai Inna a bakin ƙofarta. Na dafa gefensa kafin ya yi zafi na ce, "Ke anbuba, bayana ya daina ciwo. Mai ruwa ta gode."

Inna ta ce, "Ɗaga murya, ɗiyata. Kin san ba ya ji da na hagu."